"An Ga Ƙari a Hanjin Umma": Bayani a Kan Ƙarin Kitse na Cikin Hanji

Saura kwana uku mu fara jarabawar semesta ta biyu, wajen ƙarfe goma na dare, aka kira wanda muke ɗaki ɗaya da shi a hostal. Yayarsa ce daga gida. Maganar ba ta kai minti biyu ba. Da ya ajiye wayar sai ya yi tsit. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Wai an ga ƙari a hanjin Umma." Kafin in buɗe baki ya riga ya faɗa intanet, kuma duk shafin da ya buɗe maganar ciwon daji yake gani. Daren nan ba wanda ya taɓa littafi a ɗakinmu. Da asuba ya haɗa jaka zai wuce tasha, sai da muka taru muka lallashe shi ya bari a ji sakamakon hoton da likita ya ce a yi.

Bayan kwana biyu sakamako ya fito. Ashe ƙarin curin kitse ne, likitoci suna kiransa lifoma, ba daji ba ne. Aka yi mata aiki aka cire, yanzu tana gida tana harkokinta. Amma akwai wata magana da yayar ta faɗa daga baya wadda ta tsaya mini a rai: Umma ta fi shekara guda tana fama da murɗar ciki, wani lokaci har da jini a bayan gida, kuma duk tsawon lokacin maganin basir take sha, irin na masu mota da lasifika. Da a ce ɗaya ƙarin ne, wanda muka kwana muna tsoro, da shekarar nan ta ishe shi ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Wannan ya sa na ga ya dace mu ɗan yi bayani a kan wannan ƙari. Shi a karan kansa ba mugu ba ne. Sai dai alamominsa iri ɗaya ne da na mugun, kuma ba mai iya rarrabe su daga waje, komai iliminsa, sai an leƙa an gani.

Mene ne lifoma?

Jikin mutum yana ajiye kitse a cikin wasu ƙwayoyin halitta na musamman. Wani lokaci waɗannan ƙwayoyin sukan yi ta ƙaruwa a wuri guda fiye da kima, su dunƙule su zama curi mai laushi, da wani siririn tantani ya lulluɓe shi. Curin nan shi ne lifoma. Da yawanmu mun taɓa ganinsa a waje. Shi ne ƙullutun nan da ke fitowa a ƙeya ko kafaɗa ko gadon baya, wanda in ka danna yake gocewa a ƙarƙashin yatsa, ba ya ciwo, mutum ya yi shekara goma yana yawo da abinsa. To irinsa ne yake iya fitowa a cikin ciki, a jikin bangon hanji.

Likitoci sun kasa ƙari gida biyu. Akwai mugu, wato ciwon daji, wanda ke cin naman da ke kusa da shi, sannan ya bi jini ko magudanan ruwan jiki ya tafi hanta ko huhu ya sake kafa gindi. Akwai kuma wanda ke zaune inda ya tsiro, ba ya tafiya ko'ina. Lifoma yana cikin kashi na biyu. A hankali yake girma, yana ture abin da ke gefensa amma ba ya cin sa, kuma ba a san shi da rikiɗewa ya koma daji ba. Akwai wani dajin kitse da ake kira lifosakoma, amma shi tun asalinsa daban yake, kuma samunsa a babban hanji abu ne mai matuƙar wuya.

Me ke kawo shi? Har yanzu bincike bai tsayar da dalili guda ba. Ba a tabbatar cewa cin nama mai kitse ko man shanu ne ke jawo shi ba, domin siriri ma yana samu. Rage ƙiba ba ya narkar da shi. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba jifa ba ne. Ba sabon ciwo ba ne kuma: rubuce-rubucen likitanci suna danganta bayaninsa na farko a babban hanji ga wani mai suna Bauer, tun shekarar 1757.

Inda yake zama

Duk wanda ya taɓa taya wanke kayan ciki ranar Babbar Sallah ya san hanji iri biyu ne, siriri da kakkaura. Haka abin yake a jikin mutum. Ƙaramin hanji yana kai kimanin mita 6, a nan ake tsotse amfanin abinci. Babban hanji kuwa kimanin mita ɗaya da rabi ne. Yana farawa daga ƙasan ciki ta dama, kusa da afendis, ya hau sama, ya gitta zuwa hagu, ya gangaro ya ƙare a dubura. Babban aikinsa shi ne tsotse ruwa daga ragowar abinci har ta zama bayan gida.

Bangon hanjin hawa huɗu ne. Akwai shimfiɗar ciki mai santsi wadda abinci ke gogawa. Ƙarƙashinta akwai wani hawa mai laushi inda jijiyoyin jini suke. Sai hawan tsoka, wanda ke matsewa yana tura abinci gaba. Sai fatar waje. Kusan lifoma 9 cikin 10 a hawa na biyu suke tsirowa, wato ƙarƙashin shimfiɗar ciki. Ka ɗauka an sa ƙwallo a ƙarƙashin darduma: za ka ga tudu, amma abin da idonka ke kallo darduma ce. Ku riƙe wannan misali, za mu dawo kansa a wajen maganar gwaji.

A duk hanyar abinci, daga maƙogwaro zuwa dubura, babban hanji ne ya fi samun wannan ƙari, sai ƙaramin hanji ya biyo baya, kuma a babban hanjin ma ɓangaren dama ya fi. Yawanci guda ɗaya ne. Ba ciwo ne gama-gari ba: alƙaluman da aka fi kawowa suna cewa tsakanin kashi 0.2 zuwa 4.4 cikin 100 na mutane. An fi ganinsa ga waɗanda suka kai shekara 50 zuwa 65, kuma mata sun ɗan fi maza. Ka ga ke nan maganar ta fi shafar iyayenmu da goggonninmu, mu kuwa mu ne 'yan bokon gida, mu ake kira a waya a ce, "Zo ka karanta mana takardar nan ta asibiti."

Me ya sa wani ba ya jin komai, wani kuma yake shan wuya?

Amsar tana ga girman ƙarin. Wanda bai kai santimita 2 ba, wato kamar ƙaramin goro, da wuya ya dami mai shi. Mutum zai iya rayuwa da shi har tsufa bai sani ba, sai dai a ci karo da shi a wajen wani gwaji na daban. Da zarar ya wuce haka, sai a fara jin motsinsa. Wanda ya haura santimita 4, kamar ƙwan kaza ko fiye, shi ake kira babba, kuma kimanin kashi 75 cikin 100 na masu irinsa suna da alamomi.

'Yan sashen gine-gine sun san abin da ke faruwa in wani abu ya tsaya a cikin bututu. Hanya takan ƙuntata. Sai ciki ya riƙa murɗawa yana saki, ya kumbura, yau bayan gida ya yi tauri, gobe a yi gudawa. Sannan da yake bayan gida kullum yana gogar saman tudun, shimfiɗar da ta rufe shi takan goge ta yi gyambo, ta riƙa zubar da jini. Wani lokaci ana ganin jinin da ido. Wani lokaci kuma kaɗan-kaɗan yake fita ba a gani, sai dai mutum ya ga yana yawan gajiya, yana haki in ya hau bene, idonsa ya yi fari, a auna a ce jininsa ya yi ƙasa.

Abin da ya fi haɗari shi ne shigewar hanji cikin hanji. Hanji bai san bambancin ƙari da lomar tuwo ba, duk abin da ya ji a cikinsa turawa yake yi gaba. To shi ƙarin a manne yake da bango. In aka tura shi, sai ya janyo bangon ya shige cikin hanjin da ke gabansa, kamar yadda eriyar rediyo take shigewa cikin kanta in an danna ta. Wani lokaci yakan shiga ya fito da kansa, shi ya sa ciwon yake zuwa yana tafiya har tsawon watanni. In kuwa ya shige ya maƙale, hanya ta toshe ke nan, jijiyoyin jinin wurin su shaƙe, kuma in ba a yi gaggawa ba ɓangaren hanjin ya mutu ya fashe. Wannan matsala an fi sanin ta ga jarirai, kuma su yawanci ba a samun wani ƙari a bayanta. Ga babba lissafin daban ne: kusan 9 cikin 10 akwai abin da ya ja hanjin, kuma in a babban hanji ne, sau da yawa abin daji ne. A cikin waɗanda ba daji ba, lifoma ne kan gaba.

Wani abin mamaki, akan samu jefi-jefi ƙarin ya tsinke da kansa ya fito a bayan gida kamar tsokar nama. Ko hakan ta faru ba a cewa shi ke nan an rabu. A sa shi a kwalba mai tsabta a kai asibiti, a kuma duba cikin.

Kama da wane ba ta wane

A nan ne gizo yake saƙa. A wurinmu kalmar basir ta zama buhun da ake zuba komai: ciwon baya basir, kasala basir, kumburin ciki basir, jini a bayan gida kuwa ba a ma tambaya. Basir na gaskiya akwai shi, kumburin jijiyoyin jini ne a bakin dubura, kuma mutane da yawa suna da shi. Amma jini a bayan gida yana iya zuwa daga tsagewar dubura, ko atini, ko wani ɗan tsiro da ake kira folif wanda wasunsa ke zama daji in an bar su, ko lifoma, ko dajin babban hanji shi kansa. Kuma mutum yana iya samun basir, a lokaci guda yana da wani abu can ciki. Samun ɗaya ba ya kore ɗayan.

Ka jera alamomin lifoma babba: murɗar ciki, canjin bayan gida, jini, ƙarancin jini, toshewar hanji. Ka jera na dajin babban hanji. Za ka ga layi ɗaya ne. Shekarun da aka fi samun su ma sun yi kusa. Ramewa ba dalili da rashin son abinci sun fi karkata ga daji, amma rashinsu ba ya wanke mutum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dajin babban hanji da dubura shi ne na uku wajen yawa a duniya, kuma na biyu wajen kisa a cikin cututtukan daji. Likitocin Najeriya sun daɗe suna kukan cewa masu shi ba sa zuwa asibiti sai ya yi nisa. Kada kuma mu ɗauka na tsofaffi ne kaɗai. Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, wannan ciwon ne ya yi ajalinsa a watan Agustan 2020 yana da shekara 43. A 2021 kwamitin da ke ba da shawara kan gwaje-gwajen rigakafi a Amurka ya sauko da shekarun fara duba babban hanji daga 50 zuwa 45.

Saboda haka kuskure biyu ne ke gabanmu. Wani ya ga jini ya ce basir ne, ya yi ta shan jiƙo. Wani ya ji an ce ƙari, ya yanke ƙauna, ya ƙi komawa asibiti don tsoron abin da za a faɗa masa. Dukansu da ka suka yanke hukunci.

Yadda ake gano shi

Likita zai fara da tambayoyi: tun yaushe, jinin ja ne ko baƙi, an rame, akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi? Zai danna ciki, sannan ya sa safar hannu ya duba dubura da yatsa. Wannan shi ne wurin da mutane da yawa suke gudu saboda kunya, alhali minti ɗaya ne, kuma yana bayyana abubuwa da dama. Za a auna yawan jini, wataƙila a duba bayan gida. Sikanin ciki na yau da kullum, wanda ake shafa mai a goga a fata, yana iya nuna hanjin da ya shige cikin hanji, amma iskar da ke cikin hanji tana tare masa gani, don haka in ya fito ba komai ba a gama magana ba.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne kolonoskofi. Wani dogon tiyo ne mai lanƙwasa, kaurinsa kamar yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Ana shigar da shi ta dubura a bi babban hanji har ƙarshensa ana kallo a allo. Kwana guda kafin nan ana barin abinci mai nauyi, a sha maganin wanke ciki har hanjin ya fita tas, domin in ba a wanke da kyau ba likita ba zai ga komai ba, kuɗi ya tafi a banza. Akan yi allurar da za ta sa jiki ya saki, aikin kan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, kuma a ranar ake komawa gida, sai dai a zo da ɗan rakiya.

A allon, lifoma yakan fito sumul, zagayayye, da ɗan launin rawaya. Akwai dabaru uku da likita yake gwadawa. Zai danna shi da ɗan ƙarfen da ke bakin tiyon: in ya lotsa ya dawo kamar matashin kai, alama ce mai ƙarfi, domin daji tauri gare shi, yana kuma saurin fashewa da jini. Zai kama shimfiɗar saman ya ja: in ta ɗago ita kaɗai kamar tanti ta bar curin a ƙasa, ya nuna ƙarin a ƙarƙashi yake. Sannan in ya ɗan gutsiri wuri guda sau biyu ko uku, wani lokaci kitsen yakan leƙo rawaya a fili. A nan misalin darduma ya dawo. In aka ɗan tsinko nama daga sama aka kai lab, sau da yawa sakamako yakan ce lafiyayyen hanji ne, domin darduma aka yanko, ba a kai ga ƙwallon ba.

Wannan giɓin hoton CT ne yake cike shi. Na'urar tana auna yadda kowane sashe na jiki yake tare hasken eksire, ta ba shi lamba. Ruwa 0 ne, iska -1000, tsoka tana ɗan sama da sifili, ƙashi kuwa ɗaruruwa ne zuwa sama da dubu. Kitse ya fi ruwa rashin nauyi, don haka lambarsa ƙasa da sifili take. In aka ga curi zagayayye mai santsin gefe, lambarsa tsakanin -40 zuwa -120 daga wannan gefe zuwa wancan, to kitse ne. Ma'aunin nan sunan Godfrey Hounsfield yake ɗauke da shi, injiniyan lantarki ɗan Ingila da ya ƙera na'urar a kamfanin EMI. An fara ɗaukar hoton majiyyaci da ita a Landan a 1971, ya kuma sami kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1979 tare da Allan Cormack. Ga masu raina takardarmu: difloma ce da shi daga kwalejin koyon aikin lantarki ta Faraday House, bai yi digirin jami'a ba.

Akwai kuma hoton MRI, da wani tiyon mai ɗauke da sikanin a bakinsa wanda ke nuna daga wane hawa ƙarin ya taso. Duk da haka, in lifoma ya girma ya yi gyambo, ko jini ya daina isarsa sosai, kamanninsa kan ɓaci har ya yi kama da daji a allo da kuma a hoto. A irin wannan hali, magana ta ƙarshe tana wurin likitan da zai yanka naman da aka ciro ya duba shi a madubin lab. Shi ya sa duk abin da aka ciro daga cikin mutum, ko an ce kitse ne kawai, dole a kai shi awo, a kuma koma a karɓi sakamako.

Magani

Babu ƙwaya, babu allura, babu jiƙon da ke narkar da lifoma. Hanya uku ce kawai.

Ta farko, a ƙyale shi. In ƙarami ne, ba ya damun mai shi, kuma likita ya tabbatar kitse ne, to ba a taɓa shi. Haɗarin cirewa ya fi na barinsa. Wasu sukan ji kamar likita ya yi musu riƙon sakainar kashi in ya ce su tafi gida, alhali shi ne daidai. Sai dai in wata sabuwar alama ta ɓullo, a dawo.

Ta biyu, a cire ta cikin tiyon, ba tare da an tsaga ciki ba. Ana zura wata siririyar waya mai zarge, a rataya wa ƙarin a wuya, a saki lantarki ya yanke tare da ƙone bakin jijiyoyin jini. Likitoci biyu a birnin New York, Hiromi Shinya da William Wolff, su suka fara cire tsiron babban hanji ta wannan hanya a 1969. Ga lifoma, hanyar ta fi dacewa da ƙanana da kuma masu siririn wuya. 'Yan sashen lantarki za su gane dalili nan take. Kitse ba shi da ruwa sosai, don haka ba ya wuce da lantarki da kyau. In curin babba ne mai faɗin gindi, sai an ƙara wuta an kuma daɗe ana saki kafin ya yanke, zafin kuwa sai ya tafi ga bangon hanji, wanda kaurinsa 'yan milimita ne kawai. Ƙarshenta a huda hanjin. Wani lokaci ma nauyin ƙarin ya riga ya janyo tsokar bangon cikin wuyansa, in aka yanke wuyan an yanke bango. Don kauce wa haka ƙwararru sun fito da wasu dabaru. Akwai ɗaure gindin da zaren roba a bar shi, jini ya daina isarsa, ya bushe ya faɗi da kansa. Akwai kuma yanke saman kawai a bar kitsen ya riƙa fita a hankali.

Ta uku, tiyata. Ita ake yi in ƙarin babba ne mai faɗin gindi, ko ya toshe hanya, ko ya ja hanji cikin hanji, ko ana shakkar ko daji ne. In an tabbatar kitse ne, ana iya tsaga bangon a ciro shi a ɗinke, ko a yanke ɗan guntun hanjin a haɗa bakin biyu. In kuwa akwai shakka, likita kan yanke yanki mai faɗi kamar yadda ake yi wa daji, don kada a yi aiki biyu. A inda akwai kayan aiki ana yin tiyatar ta 'yan ƙananan huji da kyamara, wadda ta fi saurin warkewa. Mutum yana rayuwa lafiya ko an cire wani ɓangare na babban hanjinsa, illa dai bayan gida kan yi ɗan ruwa-ruwa na wani lokaci. Ba a bukatar ƙarin ruwan maganin daji ko gashi, kuma in an cire shi duka da wuya ya dawo.

Akwai bambanci babba tsakanin aikin da aka shirya da wanda aka yi da tsakar dare. Wanda ya zo da ƙafarsa, aka wanke hanjinsa aka sa masa rana, aikinsa ya fi sauƙi, kuɗinsa ya fi ƙanƙanta. Wanda aka kawo ranga-ranga hanji ya riga ya mutu, shi ne ake yanke masa da yawa, wani lokaci har a fito masa da bakin hanji ta gefen ciki ya riƙa bayan gida a leda na wasu watanni.

Abin da ya rage gare mu

In kai ne ka ga jini a bayan gida, ko cikinka ya canja tsari har makonni bai koma daidai ba, fara da kilinik ɗin makaranta, ai muna biyan kuɗin lafiya a cikin rajista. Ga mai shekarunmu yawanci abin zai zama mai sauƙi, amma bari likita ya faɗa da bakinsa. In ya ga da bukata zai ba ka takardar zuwa gaba. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jos da na Maiduguri suna da likitocin ciki da na tiyata da suka san wannan aiki.

In kuwa a gida ne, ka lura da kwalaben maganin basir da ke taruwa a ɗakin Baba ko Umma. Mun san da nauyi ɗa ya tambayi mahaifi maganar bayan gida. To a bi ta hannun wanda zai iya: kawu ya yi wa Baba magana, yaya ko goggo ta yi wa Umma. In kunyar namiji ce ta hana, a tambaya ko akwai likita mace. In an ce an ga ƙari, kafin a fara koke-koke a tambayi likita abu huɗu: wane iri ne, santimita nawa ne, da wane gwaji aka tabbatar, kuma cirewa za a yi ko bari?

Akwai alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu: ciwon ciki mai tsanani da ke murɗawa yana dawowa, amai ba ƙaƙƙautawa musamman in ya zama kore, ciki ya kumbura tim, ba bayan gida ba tusa, ko jini mai yawa har mutum yana jiri. A nan kada a ba shi maganin wanke ciki, kada a ɗura masa kunu ko jiƙo, kada a tsaya kemis. Sashen gaggawa za a nufa kai tsaye.

Shi dai abokina ya zauna ya rubuta jarabawarsa, ya tafi gida bayan fefa ta ƙarshe ya tarar an sa ranar aiki. Da ya dawo ya nuna mana hoton abin a waya, curi rawaya a cikin kwalba, bai fi ƙwan agwagwa ba. Ya ce da Umma ta gan shi sai ta riƙe baki ta ce, "Yanzu wannan ne basir ɗin?" Gani ya kori ji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya kuma ba mu sa'ar jarabawa.